Hasken da Larai Ta Nuna Mini a Alƙahira

Tun ranar da na dawo daga Masar ban samu na yi aikin kirki a maƙera ba. Mai kawo zobe gyara sai ya ja benci ya zauna, wanda bai kawo komai ba shi ma ya zauna, tambayar kuma ɗaya ce: "Isufu, yaya ƙasar take? Mi yarinyar nan ke yi can har shekara huɗu?" Na ba da labarin har muryata ta dushe. Shekaranjiya wani ya zo daga Gabi ya ce mini can ana faɗin wai ɗiyata tana dafa zinariya ta koma wutar lantarki. Da na ji haka na ce gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni maƙerin fari ne a nan Madarunfa. Zobe, 'yan kunne, awarwaro, sana'ar da na gada wurin ubana ke nan. Larai ita ce ɗiyata ta fari. Sunanta na yanka Maryama, amma kun san yadda muke da ɗan fari: ba a kama sunansa, ba a sakar masa fuska gaban mutane. Ta yi lakwal, wato firamare, a nan, ta yi lise, wato sakandare, a Maraɗi, ta wuce jami'a a Yamai, daga can aka ba ta gurbin karatu a Alƙahira. In an tambaye ni abin da take karantawa, cewa nake "ilimin haske," don iyakar abin da na riƙe ke nan.

Bayan kaka ta aiko da takardun gayyata, ta ce an kusa sa ranar da za ta tsaya gaban manyan malamai ta kare aikinta a ba ta digirin dakta. Ni ban yi niyyar zuwa ba. Uwarta Hajara ce ta matsa. Ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, amma kunnenta lafiya lau yake.

"Malam, muryar yarinyar nan ba daidai take ba," in ji ta. "Tana dariya a waya, amma dariyar ba ta kai ciki. Ka je ka gano mini ita."

Ta ɗaure mini kaya kamar wanda zai buɗe shago: garin gero, kuka, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, da busasshen kifin tafkinmu da ta naɗe cikin takarda ninki uku. Daga Kano jirgin zai tashi, saboda haka ta iyakar Ɗan Issa na bi. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ya buɗe jakata ya dube ni ya sake dubawa, ya ce, "Baba, ba kai ka ƙera wa matata 'yan kunnen aure ba?" Na ce mai yiwuwa. Ya ce ɗaya ya karye. Na ce ta kawo in na dawo. Ya rufe jaka, ko kifin bai taɓa ba.

Na ɓangaren Najeriya ya fi son hira. Ya jujjuya fasfona sabo fil, ya tambayi inda za ni. Na ce Masar, ɗiyata za ta zama dakta. Nan take ya dafa ƙugu ya shiga ba ni labarin ciwon bayan da ke damunsa, wai in tambayo masa magani. Na ce ba irin wannan daktar ba ce.

"To wace iri ce?"

"Abin da zan je in gano ke nan," na ce. Ya yi ta dariya har ya manta bai buga hatimi ba, sai da na tuna masa.

A motar Katsina mu biyu aka cusa a kujerar gaba, ni da wani mai fataucin barkono, duk sanda direba zai canza giya sai ya ce in ɗaga gwiwa. Mun wuce Jibiya kaɗan taya ta fashe. Muka zauna gindin itacen bedi, wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta raba mana dafaffiyar gyaɗa. Da ta ji inda za ni, ta ce in na ga kogin da aka jefa Annabi Musa in yi mata addu'a. Na yi mata kuwa, ko da yake ban tambayi sunanta ba. A Kano na sauka gidan Alhaji Sale, mutumin Safo da ke cinikin fata a Fagge, shi ya raka ni filin jirgi da safe.

A nan aka yi mini abin da ya sosa mini rai. Ina da wani ɗan hantsaki da nake ɗaukar ƙananan abubuwa da shi wajen aiki. Ubana ya ƙera shi, ya fi shekara arba'in a aljihuna, har na daina jin nauyinsa. Ina ratsa ƙofar bincike sai ta yi ƙara. Suka ce ba a shiga jirgi da ƙarfe mai tsini. Na ce ko kaza ba zai yanka ba. Wata ma'aikaciya ta ce cikin ladabi, "Baba, doka ce." Allah ya sa Alhaji Sale bai tafi ba, aka miƙa masa ya ajiye mini. Har muka sauka hannuna na ta komawa aljihu yana tarar da shi wayam.

Jirgi dai jirgi ne, waɗanda suka je Makka sun riga sun ba ku labarinsa. Abin da ba zan manta ba shi ne saukarmu. A wurin tarbar baƙi na ga Misirawa suna rungumar juna, ƙato da gemunsa ya kama ɗiyarsa budurwa yana sumbatar goshinta yana kuka, ba mai ko kallonsu. Na kau da kai don kunya. Sai ga Larai ta ratso mutane, ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar tayil ɗin nan mai santsi.

"Baba, sannu da hanya."

"Yauwa. Mun same ku lafiya?"

Iyakar abin da na iya faɗi ke nan. Amma idona ya ga abin da kunnen uwarta ya ji. Ta rame. Zoben azurfar da na ƙera mata sanda za ta tafi, ta mayar da shi babban yatsa don ya daina zama a inda aka auna shi.

Da yake gidan ɗalibai mata take zaune, ta kama mini ɗaki a hawa na biyar wurin wata gwauruwa da ake kira Ummu Hasan. Mace ce mai jiki da murya, in tana gaishe ka sai ka ɗauka faɗa take. Da safe na ga ta zura kwando da igiya ta taga har ƙasa, mai burodi ya saka mata, ta jawo abinta. Na ce da matan garinmu sun ga wannan da sun ce a gina musu bene. Washegari na ce ni zan sauka in sayo. Na tattaro Larabcin da na karanta a zaure, na jera wa mai burodin magana da wasullanta cif, yadda take a littafi. Ya saurara har na gama, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Sadaƙallahul azim." Duk layin aka fashe da dariya. Ban ji haushi ba, don ya ƙara mini burodi biyu, kuma daga ranar "Shehu" yake kirana.

Wake suke karya kumallo da shi, an dafa shi ya yi lugub an zuba mai. Akwai wani abinci da suke haɗa shinkafa da taliya da wake wuri ɗaya, kamar an tara ragowar gida uku, amma yana da daɗi. Shayinsu baƙi ne, a tafasa a zuba a sha a tashi. Babu na fari, babu na biyu, babu kumfa, babu zaman da muke yi a kansa. Ranar da Ummu Hasan ta kawo mini wata koriyar miya tana ta yabonta, wai tun zamanin Fir'auna suke shan ta, ina kai loma na ce, "Wannan ai lalo ne!" Na ba ta daddawa ta saka a ta gobe. Ta sansana, ta buɗe tagogin gidan duka, ta kira maƙwabciyarta ita ma ta sansana. Kifin kam ta karɓa da hannu biyu.

A jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari ma na yi abin kunya. Ina bin bayan Larai kada in ɓata, ashe taragon mata ta shiga. Ƙofa ta rufe, na ɗaga kai, ba namiji ko ɗaya. Wata dattijuwa ta fara faɗa, Larai ta ce mata, "Babana ne, baƙo ne." Sai ga faɗa ya koma lale, har aka tashi wata aka ba ni kujera. Na zauna ina kallon takalmana har muka sauka.

Kwana uku ina tambayar ranar da aka sa, tana kewaye-kewaye. A na huɗu ta ce in zo in ga wurin aikinta.

Kafin a shiga sai da aka sa mini farar riga, aka rufe mini takalma da leda, aka ɗora wata hular roba a kan hulata. Ta ce ƙura ɗaya a wurinsu kamar dutse ce. Kowa a ciki "Maryam, Maryam" yake kira, sunan da ni ban taɓa furtawa ba, suna ta jefa shi kamar ba komai. Ta buɗe firij ta ɗauko wata 'yar kwalba mai jan ruwa kamar zoɓo ta miƙo mini.

"Baba, mi ka gani?"

"Zoɓo."

"Zinariya ce."

Na ce kada ta yi mini wasa da sana'ata. Zinariya na narka ta, na buge ta, na ja ta ta zama zare, ban taɓa ganin ta ja ba. Ta ce in aka mai da ita ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna su, launinta sai ya juye, don a wannan ƙanƙanta wani irin kamu take yi wa haske. Na ɗaga kwalbar saitin fitila na daɗe ina kallo. Shekara arba'in ina tare da abu, ashe da fuskar da bai taɓa nuna mini ba.

Sannan ta nuna mini wani ɗan dutse mai ƙyalli kamar bakin fensir. Ta ce shi tsaka-tsaki ne, ba ya sakar wa lantarki hanya kamar jan ƙarfe, ba ya kuma toshe ta kamar roba, kuma da danginsa ake yin cikin waya da fitilun zamani. Ta manna masa salatif ta ɓare, ta sake mannawa ta ɓare, har abin da ya rage ya zama fallen da fatar albasa bargo ce a kansa. In aka haska wa fallen nan wani siririn koren haske, sai ya mayar da jan haske nasa na kansa. Damuwar ita ce don tsabar sirantarsa yawancin hasken wucewa yake, abin da yake mayarwa kaɗan ne. Aikinta shi ne ta zauna da ƙwayoyin zinariyar nan kusa da shi, su tattaro hasken su tara masa kamar yadda mazurari ke tara mai a bakin kwalba, su kuma taimaka masa ya fitar da nasa da ƙarfi.

"Amma da sharaɗi, Baba. In zinariyar ta taɓa shi, shanye hasken take, ya mutu. In ta yi nisa kuma ba ta da amfani. Sai an shimfiɗa wani siririn shamaki tsakaninsu, daidai wa daida."

Na tambaye ta amfaninsa. Ta ce wata rana za a iya yin fitilu da na'urorin gano cuta ƙanana masu cin wuta kaɗan, amma ba gobe ba, kuma ba ita kaɗai ba. Na ji daɗin da ba ta cika baki ba.

Ina tsaye ta ɗauki hantsakinta za ta ɗaga wani ɗan gilashi. Sai na ga ta kafa ƙaramin yatsa a kan tebur, ta riƙe numfashi, sannan ta ɗauka. Haka nake yi. Haka ubana yake yi. Ban taɓa koya mata ba. Tana ƙarama takan zo ta rakuɓe a ƙofar maƙera, in kore ta in ce ai mata ba su ƙira, ta tafi wurin uwarta. Ƙannenta maza biyu na zaunar na koya wa, ɗaya ya gudu Legas, ɗaya ya zama tela. Na daɗe ina cewa a raina sana'ar gidanmu a kaina za ta ƙare.

Bayan la'asar muka zauna a wani benci bakin kogi, a nan ta fasa. An ɗage ranar. Bara ta samu hasken ya ƙaru sosai, ta rubuta, malamarta ta yi murna. Da aka ce ta maimaita kafin a tara malamai, sai abu ya ƙi. Wata biyar tana yi, duk wanda ta haɗa sai ya fito a mace. Wa'adin zamanta ya kusa cika. Har an fara raɗe-raɗin ko na farkon ma kuskure ne.

"Baba, na haɗa kayana. In za ka koma sai mu tafi tare. Na kasa faɗa muku a waya."

Tana magana tana kallon ruwa, hawaye na zuba, ba ta share ba. Ni kuma na rasa inda zan sa hannuna. Na ce, "Ke a ganinki mi ya lalace?"

Ta ce tana zargin injin da ke shimfiɗa shamakin. Tana jin tun da aka gyara shi yake shimfiɗa abin da bai kai kaurin da yake nunawa ba, zinariyar na taɓa fallen. Na ce to ta faɗa mana. Ta ce injin a hannun wani dattijo yake, Ammu Butrus, wato kamar a ce Baffa Butrus. Ya fi shekara talatin a wurin, shi ya gyara shi da hannunsa, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa kyautata mata tun zuwanta.

"Sa'anka ne, Baba. Yaya zan dubi idonsa in ce aikinsa da gyara? Ni baƙuwa, kuma ɗiyar cikinsa."

Maganar ta dake ni, don na san inda ta koyi wannan shirun. A gidana ta koye shi. Ni na yi ta yabonta gaban mutane cewa ba ta taɓa mayar wa babba magana ba. Ga shi ta ɗauko tarbiyyar ta kawo ta inda za ta kashe mata wahalar shekara huɗu.

Na ce mata, "Saurara. Wata shekara sikelina ya karkace ban sani ba. Wata uku ina auna wa mutane zinariya ba daidai ba. Wadda ta gaya mini wata yarinya ce da aka aiko daga Safo, ta ce, 'Baba, a gida an auna ba haka ba ne.' Na ji zafi, na yi kwana biyu ina fushi. Amma yau in na tuna ta addu'a nake mata, don ta fid da ni daga cin haƙƙin mutane. Mai sana'a na gaske ya fi son a gaya masa. In kin yi shiru ba girmama shi kika yi ba, kin bar shi cikin kuskure ne."

"In ya yi fushi fa?"

"Zai yi. Ki bar shi ya yi."

Na so in je in yi masa maganar da kaina, tsoho da tsoho, amma na ga ba wurina ba ne. Da safe na dama mata fura da garin da uwarta ta ba ni da nonon kanti, na tsaya a kanta sai da ta shanye, sannan na raka ta. Na zauna a baranda ina hango su ta gilashi. Ammu Butrus gajere ne mai furfura, Kirista ne, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa. Na ga tana magana a tsaye, tana nuna masa takardunta. Na ga fuskarsa ta yi ja. Ya ɗaga hannu sama, ya nuna injin, ya nuna ƙirjinsa, ya fita ya wuce ni ko sallama babu.

Ranar ba ta ci abincin rana ba. Washegari ma bai kula ta ba. Na fara tunanin ko na ba ta gurguwar shawara, na zo ƙasar mutane na ɓata mata ɗan zaman lafiyar da ya rage mata.

A rana ta uku muna isa muka tarar da shi ya riga kowa zuwa, ya kwance cikin injin, hannunsa duk baƙi. Ashe jiya da kowa ya tashi ya gwada da kansa ya auna. Ya taso ya tsaya gaban Larai ya yi magana mai tsawo, ita kuma tana ta girgiza kai tana cewa ba komai. Daga baya ta fassara mini. Cewa ya yi, "Kin yi gaskiya, ɗiyata. Wata biyar na cinye miki. Don me ba ki faɗa tun da wuri ba?" Sannan ya juyo wurina ya kama hannuwana biyu ya jujjuya su, ya ga tabon wuta da kantar guduma, ya nuna mini nasa. Ba mu da harshe ɗaya, amma mun sha shayi tare a ranar, kuma ya zauna an yi hira da hannu har kofi na uku.

Kwana takwas ta yi tana haɗa sabon gwaji. Ni kuma na zama ɗan gari. Ina tsallaka titi ni kaɗai, abin da a farko sai wani ya riƙe mini hannu, don motocinsu ba su san birki ba. Na je tsohuwar kasuwa layin maƙeran zinariya na ga aikin da ya sa na raina nawa, na kuma ga wanda nawa ya fi.

Ranar Talata da hantsi ta ce in zo. Ɗakin awon ba taga, an kashe fitilu, aka ba ni wani tabarau na sa. Malamarta na nan, wata doguwar mace mai ƙarancin magana, Ammu Butrus kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu. Larai ta ce in dubi allon odinata, wato kwamfuta a bakin 'yan Najeriya. Ta fara da fallen da ba zinariya. Na ga wani ja-ja dishi-dishi, kamar garwashin da toka ta rufe. Ta ce, "Ka riƙe wannan a ido." Sannan ta kafa ɗan yatsanta ta murza wani ɗan maɓalli a hankali, hoton ya matsa zuwa inda zinariyar take.

Kun san yadda garwashi ke yi in an taka zuga-zugi? Haka wurin ya kama. Ja jawur, ɗigo-ɗigo, har ya haska fuskokinmu. Wani layi a gefen allon ya miƙe sama. Malamar ta ce ta matsa wani wurin. Ta matsa, haka. Ta sake, haka. Sau biyar. Ammu Butrus ya yi wata ƙara ya fita da gudu, ashe alewa ya tafi saye. Malamar ta dafa kafaɗarta ta faɗi kalma biyu ta fita.

Muka rage mu biyu a cikin duhu. Na ce, "Na kore ki daga ƙofar maƙera."

"Baba, ai ban tafi ba. Ta bayan zana nake leƙe."

"Ki yafe mini."

Sai na ji ta kifa kanta a kafaɗata kamar yadda ɗiyan Misirawa ke yi. Ban janye ba. Na dafa kanta, na ce, "Allah ya yi miki albarka, Maryama." Sunan ya fito mini da nauyi, kamar na ɗaga uwar maƙera. Ta yi kuka, ni ma tabarau ɗin nan ya taimake ni.

Ban samu ganin ranar da na je dominta ba. An sa ta bayan mako biyar, bizata kuma ta kusa ƙarewa. Ummu Hasan ta cika mini jaka da dabino da busasshen lalo, wai in kai wa matata ta ga na gaske. Na biyo hanyar da na bi, na karɓi hantsakina wurin Alhaji Sale. A iyaka na tarar da mai ciwon baya, ya gane ni, ya ce, "Baba, ka gano wace irin dakta ce?" Na ce, "Maƙeriya ce." Ya ɗauka wasa nake.

Ranar da za ta kare aikin, wata ƙawarta ta kira mu ta waya mai hoto don mu gani. Rezo, wato sabis ɗin waya, a gidanmu sai an hau kan turmi kusa da rumbu, saboda haka ni ke tsaye a kan turmi riƙe da waya, Hajara na ƙasa ta dafa sanda tana miƙa wuya. Hoton na zuwa yana ɗaukewa. Muka ga Larai tsaye gaban manya biyar tana magana da Turanci, ba mu jin ko kalma. Wani mai gilashi ya yi ta jefa mata tambaya, har ya ɗaga murya. Hajara ta ce, "Faɗa yake mata?" Na ce ki bari ki gani. Larai ta saurara har ya gama, ta dube shi ido cikin ido, ta nuna allo ta ba shi amsa. Ya gyaɗa kai ya ajiye alƙalami. Daga nan hoton ya tsaya cik, muka yi ta jira. Da ya dawo sai muka ji tafi, muka ga Ammu Butrus a sahun gaba yana share ido da hankici.

Hajara, wadda tun da ta haifi yarinyar nan ba ta taɓa yabonta gaban kowa ba, ta saki sanda ta rangaɗa guɗa har uku. Kafin in sauko daga turmi gida ya cika da mata, wasu ko mayafi ba su tsaya ɗauka ba. Tsohuwa Ta-Sallah maƙwabciyarmu ta kutso tana haki, ta ɗauka matar ɗana, telan nan, ce ta haihu.

"Barka, barka! Malam Isufu, mi aka samu? Namiji ko mace?"

Na ce, "Mace ce, Inna. Alhamdu lillahi."